ZAUREN 'YAN UWA: Gaba Da Gabanta, Aljani Ya Taka Wuta

Da farko ina neman gafararku bisa rashin jina da kuka yi a fitowar da ta wuce, musamman ke baiwar Allah daga Gusau da kika aiko wasiƙa har biyu kina tambayar ko aure aka ɗaura mini aka ɓoye muku. Ba aure ba ne wallahi. Haka nan masu cigiyar kashi na uku na littafina, ku ƙara haƙuri, yana nan cikin akwati ko kallonsa ban yi ba, domin kuwa wata biyu ke nan ina zarya tsakanin Samaru da Shika. Abin da ya kai ni can shi zan ba ku labari yau. Na san zancen soyayya da zaman kishi kuka saba ji a nan, to yau kam ku yi mini uzuri.

Kawuna ne ba lafiya, ƙanen mahaifiyata. Shi ya riƙe ni tun ina aji biyu na firamare, shi ya biya mini kuɗin jarrabawar fita sakandare, kuma shi ya ba ni kuɗin buga littafina na farko daga cinikin hatsin da yake yi a kasuwar Samaru, alhali ko shafi ɗaya bai taɓa karantawa ba. Sunan mahaifiyarsa gare ni, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata.

Tun kafin azumin bara ya fara ganin jini a fitsarinsa. Babu zafi, babu raɗaɗi. Bai gaya wa kowa ba sai Inna matarsa, ita kuwa ta ce ai tsargiya ce, ba ka tuna lokacin da kuke wanka a Kubanni kuna yara? Aka je wani kemis aka karɓo maganin tsargiya, ya sha, jinin ya ɗauke, aka yi hamdala. Bayan wata biyu ya dawo. Aka jiƙa saiwoyi, ya sake ɗaukewa. Ashe haka ciwon yake, ya leƙo ya koma kamar baƙo mai kunya, yana can ciki yana aikinsa. Sai da Kawu ya fara ramewa, wandonsa yana zamewa, ga ciwon kwiɓi da ya hana shi ɗaga buhu, sannan aka ɗauke shi zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Aka yi hoton ciki, aka sake yin wani babba, likita ya zaunar da mu ya ce akwai ƙari a ƙodarsa ta hagu, kuma dukkan alamu na ciwon daji ne. Ya ce a hoton dai ba su ga ya bazu ba, shawararsu a yi tiyata a cire ƙodar gaba ɗaya, mutum yana iya rayuwarsa da guda ɗaya.

Inna ta ɗora hannu a ka. Tun daga Shika har muka sauka a Samaru kuka take, tana cewa ita ba za a yanka mata miji ba, ai ciwon daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi sai ya fusata. Wannan magana kuwa ba ita kaɗai ke faɗinta ba, na ji ta a bakin mata ya fi a ƙirga.

Ana cikin wannan sai ga Yaya, babban ɗan Kawu, ya shigo da dare da wayarsa a hannu yana murna. Ya ce, “Baba, Allah Ya kawo mana sauƙi. Turawa sun gano wata ƙwayar cuta ta bairos da ake yi wa mutum allurarta, ta bi jiki ta cinye ciwon daji tas, ba yanka ba ɗinki.” Ya ce har an haɗa shi da wani mutum a Sabon Gari da ya ce yana da hanyar da za a kawo allurar daga waje, a ba shi rabin kuɗi yanzu, rabi in kaya sun iso. Kuɗin da ya faɗa kuwa, sai an sayar da filin Kawu na Hayin Dogo, filin da ya shekara goma sha yana tara wa bulo ɗaya-ɗaya. Inna ta share hawaye ta ce a sayar. Kawu bai ce komai ba, ya dai dube ni.

Ni a raina na ce ƙarya ce tsagwaronta. Yaushe cuta za ta zama magani? Washegari na tafi wajen wata ƙawata da muka yi sakandare tare, ita Allah Ya yi mata ci gaba, tana shekarar ƙarshe a tsangayar likitancin dabbobi a nan jami'a. Na je ne don ta ƙaryata mini zancen in samu abin faɗa a gida, sai ta ba ni kunya. Ta ce, “Ke, ba ƙarya ba ce. Kuma in gaya miki, likitocin garin nan na cikin waɗanda suka shaida abin da idonsu.”

Ga abin da na fahimta daga gare ta, da kuma wata likita mai kirki da na tsare da tambayoyi daga baya. In na yi kuskure a fassara, laifina ne.

Fiye da shekara ɗari ke nan likitoci na lura da wani abin mamaki: mai ciwon daji ya kamu da wata cuta ta daban mai zazzaɓi, yana warkewa sai a ga ƙarin nasa ya motse. A 1971 wasu likitoci biyu a Yuganda suka ba da rahoton wani yaro ɗan shekara 8 mai ciwon dajin nan na yara da ake kira Burkitt, wanda ya kumbura masa wajen ido. Ƙyanda ta kama shi, kumburin ya saɓe ba tare da an ba shi maganin ciwon ba. Bayan shekara goma, a 1981, likitoci huɗu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, tun asibitin bai tare a Shika ba, suka rubuta wa mujallar likitoci ta Lancet da ke Ingila irin wannan labari. Cikinsu akwai M. B. Abdurrahman da A. M. Yakubu, likitocin yara, da Bature Alan Fleming, masanin cututtukan jini. Sun ga mai ciwon dajin kaluluwa, wanda ake kira Hodgkin, ciwonsa ya ja baya bayan ya yi ƙyanda. Har yau masu rubutu a kan tarihin wannan ilmi suna ambaton rahoton nan nasu. Wallahi da na ji haka sai na ji kaina ya yi girma, kamar ni na rubuta.

To amma tsaya, 'yar uwa, kada ki ce za ki bar ɗanki ya yi ƙyanda don ta tsare shi. Galibin waɗanda aka ga haka a jikinsu, sauƙin na ɗan lokaci ne, ciwon kan dawo. Ita kuwa ƙyanda, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ta kashe sama da mutum 100,000 a 2023 kaɗai, yawancinsu ƙananan yara. Rigakafin wata 9 da na wata 15 suna nan daram, a kai yara.

Na tambayi ƙawata ta yaya ƙwayar cuta ke bambance lafiyayyen nama da na ciwon daji, tana da ido ne? Ta yi dariya ta ce in ɗauki jikin mutum kamar unguwa ce mai gidaje bila adadin, kowane gida ƙwayar halitta ɗaya. Kowane gida da maigadinsa, ɓarawo na haurowa sai ya yi kururuwa maƙwabta su kulle ƙofa. To shi gidan ciwon daji, haɗamar faɗaɗa gini ta sa ya kori maigadinsa, don kada a hana shi cin iyakar maƙwabta. Bairos na shigowa unguwar, gidajen kirki su kore shi, shi kuwa wancan ya same shi a buɗe. Ya shiga ya hayayyafa har gidan ya fashe, 'ya'yansa su fito su faɗa na gaba. Fashewar nan kuma ita ke tada sojojin jiki daga barci, su zo su ga ashe akwai mugu a unguwa da suka daɗe suna wucewa ba su gane shi ba, su far masa. Masana da yawa na ganin wannan farkawa ta sojojin jiki ta ma fi fashewar muhimmanci. Na ce lallai gaba da gabanta, aljani ya taka wuta.

Ba kuma bairos ɗin da ke yawo a gari ake ɗebowa a ɗura wa mutum ba. Akan zaɓi mai rauni, ko a gyara shi a ɗakin bincike a cire masa dafi. Wanda Amurka ta amince da shi a watan Oktoba na 2015, mai suna T-VEC, asalinsa bairos ɗin nan ne mai fito da ƙuraje a gefen leɓe bayan zazzaɓi. Ƙasar Sin ta riga su, ta amince da nata a 2005, Japan kuma ta amince da wani a 2021. Har annobar nan ta kaji da ke share mana akurki lokacin hunturu, wadda Turawa ke kira Newcastle, ita ma an daɗe ana gwada ta, domin ba ta yi wa mutum wata illa mai yawa. A 2002 aka wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi da ita a Amurka a kan mutum 79 masu ciwon daji iri-iri. Da na ba Kawu wannan labari sai da ya yi dariya har ya riƙe kwiɓi, ya ce, “Uwata, ashe abin da ya kashe mini kaji goma sha bakwai bara likita ne ban sani ba.”

Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ne abin da Yaya ya gani a waya. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da bai karanta ba.

Na Amurka, don wani irin ciwon dajin fata aka amince da shi, ana tsira allurar ne cikin ƙarin da ido ke gani ko hannu ke taɓawa. Na Sin, na ciwon dajin kai da wuya ne. Na Japan, na ƙwaƙwalwa. Na ƙoda fa? Babu ko ɗaya da wata hukumar magunguna ta amince a sayar. Gwaji ake yi. Wanda aka fi jin labarinsa shi ne na wani kamfanin Koriya ta Kudu, SillaJen, da maganinsu Pexa-Vec. Shi kuma daga bairos ɗin lambar agana aka samo shi, lambar nan da muke ganin tabonta a damtsen iyayenmu da kakanninmu, wadda da ita aka kawar da agana daga duniya har aka yi shela a 1980. Sun haɗa shi da wani maganin da ke kwance wa sojojin jiki dabaibayi, suka gwada a kan masu ciwon dajin ƙoda da ya riga ya bazu. A sakamakon da suka bayyana a 2023 an ga ƙarin wasu ya ragu, wasu kuwa bai yi musu ba, kuma mutanen ba su da yawan da za a yanke hukunci. Shi wannan Pexa-Vec ɗin dai, an taɓa yin babban gwajinsa a kan ciwon dajin hanta, aka dakatar a 2019 saboda an ga ba zai kai ga abin da ake nema ba.

Likitar nan ta ce mini wahalar ƙoda ita ce tana can ciki a ɓoye, ba kamar fata ba. In an zuba bairos ta jijiya, kafin ya isa garkuwar jiki da hanta sun tare mafi yawansa a hanya, don su ba su san an aiko shi aikin alheri ba ne. Sannan ga kuɗi. Lokacin da T-VEC ya fito, kamfanin da ya yi shi ya ƙiyasta kuɗin jinyar mutum ɗaya a kan kusan dala 65,000. Ki buga da kanki a naira, ni kaina ya ƙi ɗauka. Ajiyarsa kuma sai a cikin sanyin da ya kai digiri 70 ƙasa da sifiri ko fiye, wanda firjin gida ko kusa ba ya kaiwa. Yanzu don Allah mutumin da ke zaune a shago a Sabon Gari, inda ƙanƙarar zoɓo ma sai an yi sa'ar wuta, a ina zai ajiye shi? A cikin kula?

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ta ce ko a ƙasashen da ake gwajin, ba irin su Kawu ake ɗauka ba. Waɗanda ciwonsu ya bazu ko ya fi ƙarfin wuƙa su ake gwadawa. Wanda nasa ke cikin ƙoda bai fita ba, ko a Landan yake tiyata za a yi masa, domin ita ce hanyar da aka fi samun warkewa da ita. Ciwon dajin ƙoda yana da taurin kai, bai cika jin maganin ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi ba, haka ma gashin na'ura. In ya bazu akwai ƙwayoyi da allurai na zamani da ke riƙe shi, amma tsadarsu sai wane da wane. Zancen cewa ƙarfe na fusata shi kuwa, ta ce abin da ke faruwa shi ne mutanenmu ba sa zuwa sai ciwo ya gama cin jiki, in aka yi aiki mutum ya rasu sai a ce wuƙa ce.

Ta ƙara mini da cewa a duniya sama da mutum 430,000 aka samu da wannan ciwo a 2022, maza sun kusa ninka mata. Shan taba, ƙiba da hawan jini na cikin abubuwan da ke ƙara haɗarinsa. Alamomin nan uku da aka sani, jini a fitsari, ciwon kwiɓi da ƙullutu a ciki, kaɗan ne ke zuwa da su duka, kuma in sun haɗu galibi an makara. A ƙasashen da suka ci gaba yawanci a kan gano shi ne bagatatan, an je hoton wani ciwo daban. Mu kuwa tsargiya ta zame mana labule. Yaro ɗan shekara goma mai wanka a rafi ya yi fitsarin jini, to, a fara zargin tsargiya, shi ma a gwada. Amma magidanci ɗan hamsin da biyar da rabonsa da rafi tun zamanin Shagari? 'Yar uwa, in maigidanki ya gaya miki haka, ko sau ɗaya ne, ko ya ɗauke, ki matsa masa a je a gwada fitsari a yi hoton ciki. Kuɗin hoton bai kai na atamfar da muke yi wa anko ba. Haka in kina yi wa ƙaramin yaro wanka kika ji ƙullutu mai tauri a gefen cikinsa, kada ki tsaya cewa saifa ce, yara ma suna da nasu irin ciwon dajin ƙodar, kuma yana jin magani sosai in an zo da wuri.

Saura aiki mai wuya, wato faɗa wa Yaya. Kun dai san yadda gidajenmu suke. Ni mace, ƙanwa, 'yar riƙo, mai takardar sakandare, shi kuwa da digirinsa. Kwana biyu ina juya maganar. Ran na uku bayan sallar isha'i, suna zaune a tsakar gida dillalin fili bai daɗe da fita ba, na durƙusa na ce, “Yaya, don Allah ina da magana, in na yi kuskure a yafe mini.” Na zayyana duk abin da na ji. Ya haɗe rai ya ce, “Wato ke marubuciyar soyayya kin fi Turawa sani ke nan?” Na ce, “A'a Yaya, ni ban fi kowa sani ba. Alfarma ɗaya nake roƙo. Ka tambayi mutumin nan sunan allurar, da kamfanin da ya yi ta, da lambar hukumar NAFDAC, da likitan da zai yi wa Kawu ita. In ya kawo, ni da kaina zan sayar da 'yan kunnena in ƙara.”

Inna ta ce ni dai bakina ya cika tsawo. Ban ji haushinta ba, shekara talatin da ɗaya suna tare, tsoro ne ke magana ba ita ba. Shi ma Yaya ba mugunta ba ce, ɗa ne da ke neman inda zai kama. Ni kaina da na ji labarin likitocin nan na 1981, sai da na kwana ina saƙa cewa ina ma a ce an kai ga gaci, a yi wa Kawu allura ɗaya ya tashi ya koma kan buhunansa. Mai yiwuwa 'ya'yanmu su ga wannan rana, masu binciken ba su zauna ba. Sai dai ƙarin da ke cikin Kawu ba zai jira su gama ba.

Yaya ya je Sabon Gari da tambayoyin nan huɗu a rubuce. Mutumin ya ce sirrin kamfani ne, ba a faɗa. Da ya matsa masa sai ya ce ya dawo jibi. Jibin da ya koma ya tarar da shago a kulle, wayar kuma har yau a kashe take. Bai ce mini komai ba da ya dawo, sai dai da safe na ga an ajiye mini tsire a ƙofar ɗaki, wanda a wajen Yaya wannan ya kai ban haƙuri shafi goma.

Kawu ne ya yanke maganar da kansa. Ya kira Inna ya ce, “Ke, Allah da Ya ba ni biyu Ya san dalili. A cire ɗayar.” Sannan ya juyo gare ni ya ce, “Uwata, ke za ki riƙe mini hular in an shiga da ni.” Filin dai za a sayar da rabinsa, don aikin ma ba kyauta ba ne, ga jini leda biyu da aka ce mu tanada, Yaya ya ba da ɗaya, wani almajirin Kawu na kasuwa ya ba da ɗaya. Likita bai yi mana alkawarin komai ba, ya ce sai an cire an kai ɗakin gwaji sannan za a san irinsa da inda ya kai, kuma ko an dace zai riƙa zuwa hoto shekara da shekaru.

An sa ranar Talata mai zuwa, ƙarfe takwas na safe. Ina roƙon duk wadda ta karanta wannan ta sa Kawuna a addu'a. Wasiƙunku suna nan na tara su cikin leda, ke mai tambaya a kan saurayin da ya shekara huɗu bai turo ba, ban manta da ke ba, da ke zan fara in Allah Ya kai mu fitowa ta gaba.

Taku har kullum, daga Samaru.